Parkfield: Ƙauyen Da Ake Zuwa Kallon Tafiyar Ƙasa

A filinmu na sanin duniya na wannan fitowa za mu yi doguwar tafiya har ƙasar Amurka, jihar Kalifoniya, zuwa wani ɗan ƙauye mai suna Parkfield. Masu karanta ɓangaren ajami za su ga an rubuta sunan da fa'un, domin harafin da ya fara da shi babu shi a bakinmu, sai dai mu ce Fakfil. Allon da aka kafa a bakin garin ya ce mutanensa 18 ne. Ba dubu 18 ba fa, mutum 18, wato 'yan ajinmu ɗaya ma sun fi su yawa. Amma duk da wannan ƙanƙanta, da wuya ka sami malamin ilmin girgizar ƙasa wanda bai san sunan ƙauyen ba, kuma da yawansu sun taka sun je. Abin da ke kai su shi ne, a can ƙasa tafiya take yi, kuma ana ganin sawun tafiyarta da ido.

Ƙauyen yana kusan tsakiyar tazarar da ke tsakanin manyan birane biyu, San Faransisko a arewa da Los Anjeles a kudu. Matafiyi yakan bar babban titi a wani gari mai suna San Miguel, ya miƙa gabas kimanin kilomita 40 a kan ƙaramar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe a cikin tuddai. Ƙasar makiyaya ce: shanu, shingayen waya, itatuwa jefi-jefi, da ciyawa wadda takan bushe ta yi ruwan ɗorawa, domin su ruwansu da hunturu yake sauka, watannin zafi kuwa babu ko yayyafi. Idan hanya ta gangara cikin kwari, kafin a shiga garin, sai a iske wata 'yar gada. To, a nan ake tsayar da mota.

Tsagar da ta raba ƙasa biyu

Kafin mu hau gadar, dole mu yi shimfiɗa, in ba haka ba mai karatu zai ga ƙarfe da siminti kawai.

Ɓawon duniya da muke takawa ba dunƙule guda ba ne. Ka ɗauke shi kamar ƙwaryar da ta fashe aka harhaɗa sakainunta wuri guda. Kowace sakaina babba ce ƙwarai, tana ɗauke da nahiya ko teku ko duka biyun, kuma Turawa suna kiran su da kalmar da ke nufin faranti, mu ma haka za mu kira su. Waɗannan farantai suna motsi a kan dutse mai zafi da ke ƙarƙashinsu, motsi na santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin tsiron farcen ɗan Adam. A wani wuri faranti biyu suna rabuwa, a wani wuri ɗaya yana nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa, a wani wuri kuma suna gogar juna gefe da gefe, kamar motoci biyu da suka haɗu a ƙuntatacciyar hanya. Galibin girgizar ƙasa a bakin waɗannan farantai take faruwa. Mu nan ƙasar Hausa a tsakiyar farantin Afirka muke, nesa da baki, shi ya sa abin bai zama ruwan dare a wurinmu ba, ko da yake an ji 'yar jijjiga a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018.

Kalifoniya kuwa a kan baki take zaune. Farantin Fasifik yana yamma, farantin Amurka ta Arewa yana gabas, kuma na Fasifik yana gogar ɗan'uwansa yana nufar arewa maso yamma da kimanin santimita 5 a shekara. Mafi yawan wannan guga a kan tsaga ɗaya take sauka, wadda ake kira San Andreas, mai tsawon kimanin kilomita 1,200. Wani malamin ilmin duwatsu, Andrew Lawson, shi ya raɗa mata sunan a 1895. Kada kalmar tsaga ta sa ka zaci wani rami ne mai baki a buɗe wanda mutum zai leƙa. A'a. Gefunan biyu a manne suke, nauyin ƙasa ya matse su. Abin da ido ke gani a sama shi ne kwari miƙaƙƙe, da tuddai da suka jeru a layi kamar an ja igiya, da rafuka da suka yi gwiwa ba dalili.

A kan gada

Gadar Parkfield ta ƙetare wani rafi ne wanda galibi a bushe yake, kuma tsagar San Andreas ta bi ta ƙarƙashinta. Ke nan ƙafar gadar ɗaya tana kan wannan faranti, ɗayar tana kan wancan. A kowane baki an kafa allo: mai shiga gari ana gaya masa ya shigo farantin Amurka ta Arewa, mai fita ana gaya masa ya shiga na Fasifik. Baƙi kan tsaya su ɗauki hoto a gindin allon. Amma abin lura na haƙiƙa ba allon ba ne. Ka je ƙarshen gadar, ka durƙusa, ka daidaita idonka da ƙarfen da aka yi wa gadar shinge, ka dube shi a tsawonsa kamar yadda kafinta ke duban katako. Za ka ga ba miƙaƙƙe ba ne, ya karkace zuwa dama. Ba mota ce ta buge shi ba, ba kuma kuskuren magina ba ne. Ƙasa ce ta ja shi, shekara bayan shekara.

Ga wata ƙa'ida mai daɗin riƙewa: ko a wane gefe ka tsaya, in ka fuskanci tsagar, ɗaya gefen zuwa hannun damanka yake tafiya. Ku gwada da tafin hannuwanku biyu a kan tebur, za ku ga haka abin yake ko ta ina aka duba.

Idan ido ya saba, sai ya fara tsinto sauran alamu. Shingen waya da aka kafa a miƙe shekaru da suka wuce ya yi ƙusurwa a daidai inda tsagar ta ratsa. Kwalta ta tsattsage a jere, an liƙe, ta sake tsagewa. A can arewa, a garin Hollister, wata tsaga 'yar'uwar wannan mai suna Calaveras ta ratsa tsakiyar unguwa, ta lanƙwasa gefen titi da katangun gidaje, mutane kuma suna zaune abinsu, sai dai gyara lokaci-lokaci.

Mai rarrafe da mai cijewa

Yanzu mun zo zuciyar mas'alar. Tsagar San Andreas ba hali ɗaya gare ta ba a duk tsawonta. Daga Parkfield zuwa arewa, har wajen garin San Juan Bautista, tafiyar kimanin kilomita 150, gefunan biyu suna sulɓewa a hankali kullum, kusan santimita 3 a shekara a inda abin ya fi sauri. Wannan shi za mu kira rarrafe. Daga Parkfield zuwa kudu kuwa, tsagar ta cije. Babu rarrafe, shinge yana nan a miƙe, titi lafiya lau. Baƙo zai ce can ne wurin kwanciyar hankali. Ashe can ne wurin tsoro.

Don ku fahimci dalili, ga gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi a tsakar gida. Ku sami bulo, ku ɗaura masa robar tayar keke irin ta danƙo, ku aje shi a kan daɓen siminti mai kaushi, sa'an nan ku riƙa jan robar sannu-sannu ba tare da tsayawa ba. Da fari bulon ba zai motsa ba, robar ce kawai za ta yi ta miƙewa. Can sai ya yi tsalle gaba, fit, ya sake tsayawa. Hannunka shi ne farantin da ba ya daina tafiya, robar ita ce dutsen da ke lanƙwasa yana tara ƙarfi, tsallen kuwa shi ne girgizar ƙasa. Wani malami mai suna Harry Fielding Reid ne ya fito da wannan bayani a 1910, bayan ya yi nazarin yadda ƙasa ta goce a babbar girgizar San Faransisko ta 1906, wadda ta halaka mutane kimanin 3,000. To, in kuka shafa jiƙaƙƙen yumɓu a kan daɓen kuka sake ja, bulon zai biyo ku sumul, ba tsalle. Wannan shi ne rarrafe: ƙarfi ba ya taruwa sosai, tun da ana kashe shi kullum.

Kuma ina roƙon wanda zai yi gwajin ya yi wani abu guda: ya riƙa ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin tsalle da tsalle, ya rubuta. Zai ga suna kusa da juna, amma ba daidai suke ba. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba kaɗan.

Parkfield yana daidai mahaɗar waɗannan halaye biyu. A saman ƙasa tsagar tana rarrafe, amma a can ƙasa, zurfin kilomita kaɗan, akwai wani yanki da ya cije. Kewayensa na tafiya, shi yana tsaye, har ƙarfi ya fi ƙarfinsa ya ɓalle. Da yake yankin ba babba ba ne, girgizar da yake haifarwa matsakaiciya ce, mai ƙarfin maki 6 ko kusa da haka, kuma ba ya daɗewa sosai kafin ya sake cika.

Lissafin shekaru

Rubuta tarihin girgizar ƙasa ba sabon abu ba ne. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma littattafansa suka cika zaurukan malamanmu, yana da wani ɗan littafi mai suna Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala, inda ya tattara labarin girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara, kuma masu bincike na zamani suna komawa gare shi idan suna neman tarihin girgiza a Misira da Sham. Fa'idar irin wannan rubutu ita ce, wanda ya zo daga baya yana iya jera shekarun ya duba ko akwai tsari a ciki.

Haka aka yi wa Parkfield. Da aka jera shekarun da aka yi girgiza mai ƙarfi a wurin, sai ga su: 1857, 1881, 1901, 1922, 1934, 1966. Ku ɗauki alƙalami ku fitar da tazarar: 24, 20, 21, 12, 32. In kun tara kuka raba gida 5, za ku sami kusan 22. Biyu na ƙarshe sun kauce, amma aka ce ai 12 da 32 in an haɗa 44 ne, wato 22 sau biyu, ke nan ta 1934 ce ta yi gaggawa, ta 1966 kuma ta komo kan layi.

Ba lissafin shekaru kaɗai ba. Wata na'urar jin motsin ƙasa da ke garin De Bilt a ƙasar Holan, can wata uwa duniya, ta zana girgizar 1922 da ta 1934 da ta 1966, kuma da aka ɗora zanen a kan juna sai suka yi kama ƙwarai, kamar hannu ɗaya ya rubuta su. Abin da ya fi ba da mamaki: a 1934 an yi wata ƙaramar girgiza mai maki 5 minti 17 kafin babbar, a 1966 ma an yi irinta, ita ma minti 17 kafin babbar. Duka biyun kuma daga wuri ɗaya suka fara, ƙarƙashin wani tudu a arewacin garin mai suna Middle Mountain, suka yaga zuwa kudu. A 1966 har an ga sababbin tsagogi a ƙasa kwanaki kafin girgizar, wani bututun ban ruwa da ya ƙetare tsagar kuma ya karye kimanin awa 9 kafin ta zo.

Wa zai ga waɗannan hujjoji bai ƙyasa ba? A 1985 malamai biyu na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, William Bakun da Allan Lindh, suka wallafa cewa girgiza ta gaba za ta zo wajen 1988, kuma suna da ƙarfin zato na kashi 95 cikin 100 cewa ba za ta wuce farkon 1993 ba. Hukuma ta karɓi maganar ta sanar da ita. A ganina ba su yi wauta ba, sun yi ijtihadi ne da abin da ke hannunsu. Illa iyaka, tazara 5 kacal ce a hannun, ɗaya daga ciki ma sai da aka yi mata tawili kafin ta zauna.

Jiran gawon shanu

Manufar ba ta tsaya ga faɗin shekara ba. So ake a ɗana wa girgizar tarko, a kama ta tana tsakiyar aiki, a ga ko akwai wata alama da takan gabace ta wadda za a iya amfani da ita a gargaɗi manyan birane. Saboda haka aka cika kwarin da na'urori. Aka binne wayoyi a ƙetaren tsagar, kowace an ɗaure ta a turke biyu, don auna rarrafe har abin da bai kai milimita ba. Aka haƙa ramuka masu zurfi aka zura na'urorin da ke jin matsewar dutse. Aka sa ma'auni a rijiyoyi, ko ruwa zai hau ko ya sauka. Aka sa na auna karkatar ƙasa, da na maganaɗisu, da na jin motsi birjik. A kan wani tudu kusa da gari aka gina 'yar rumfa, aka sa na'ura mai harba hasken leza, ja da shuɗi, zuwa madubai da aka kakkafa a kan tuddai masu nisan kilomita da yawa, don a ga ko tazarar ta canza. Abin da ya burge ni a nan, wanda ya riƙa hawa tudun da dare yana wannan awo shekara da shekaru malamin 'yar makarantar ƙauyen ne, mai aji ɗaya tal. Da rana alli, da dare leza.

Mutanen gari su ma ba su bar damar ta wuce ba. Suka yi wa ƙauyensu laƙabi da babban birnin girgizar ƙasa na duniya, suka rubuta a jikin tankin ruwan gidan abincinsu cewa baƙo ya yi ƙoƙari abin ya same shi a nan.

1988 ta zo ta wuce. A watan Oktoba na 1992 aka yi girgiza mai maki 4.7 a daidai inda ake tsammani, hukuma ta fitar da gargaɗi mafi girma na kwana 3, 'yan jarida suka cika ƙauyen da motoci da kyamarori, aka zuba ido. Shiru. A Nuwamba 1993 aka sake irin haka, nan ma shiru. Wa'adi ya cika ba a ga komai ba. Wasu malamai suka ce wataƙila girgizar da aka yi a garin Coalinga na kusa a 1983 ce ta sassauta wa yankin, ta jinkirta shi. Wasu suka ce tun asali tsarin shekara 22 ɗin ido ne ya ƙirƙire shi. Abin yabo dai shi ne ba a kwashe na'urorin ba.

Ranar da ta zo

Ranar 28 ga Satumba 2004, da misalin ƙarfe 10:15 na safe, girgiza mai maki 6.0 ta afka wa Parkfield, shekara 38 bayan ta 1966.

Mu duba abin da aka ci da abin da aka faɗi. Wuri: daidai, yankin tsagar da aka nuna shi ne ya ɓalle. Girma: daidai. Lokaci: an yi kuskure da fiye da shekara 11 bayan ƙarshen wa'adi. Sa'an nan ta ɓullo ta inda ba a zata ba, domin maimakon ta fara daga arewa ta yi kudu kamar na baya, sai ta fara daga kudu, kusa da wani tudu mai suna Gold Hill, ta yaga zuwa arewa. Ƙaramar girgizar nan ta minti 17 ba ta zo ba. Kuma babban abin da ya sanyaya gwiwar masu fatan hasashe shi ne, duk na'urorin nan da aka shekara kusan 20 ana kiwo, babu wadda ta nuna wata alama bayyananna kafin abin ya faru. Ba rijiya, ba waya, ba ma'aunin matsewar dutse. Ƙasa ta yi shiru har daƙiƙar da ta motsa.

To, an yi asara ke nan? Ni ban ga haka ba. Rashin alamar ma ilmi ne, kuma ba a isa a tabbatar da shi ba sai da aka kasa kunne a wurin da ya dace da kayan da suka dace. Bayan haka, ba a taɓa samun girgizar da aka rubuta motsinta daga kusa, ta kowace fuska, kamar wannan ba a wancan lokaci. An ga cewa wurare biyu da ke kusa da juna suna iya shan jijjiga mabambanciya ƙwarai, gwargwadon irin ƙasar da ke ƙarƙashinsu da inda suke daga tsagar, kuma injiniyoyin gini suna buƙatar sanin wannan. An ga kuma cewa tsagar ba ta tsaya ba bayan girgizar, ta ci gaba da sulɓewa watanni da yawa, har abin da ta goce a hankali daga baya ya yi daidai da abin da ta goce a lokacin girgizar, ko ma ya fi.

Rijiya zuwa cikin tsaga

Akwai tambayar da auna saman ƙasa ba zai amsa ba: me ya sa wannan ɓangare yake rarrafe, wancan yake cijewa? Sai aka ce a je a gani. A arewacin Parkfield aka fara haƙa rijiyar gwaji a 2002, sa'an nan babbar rijiya a 2004, aikin da ake kira SAFOD. An haƙa ta a tsaye daga gefen farantin Fasifik, daga baya aka karkata bakin mahaƙar, har ta huda tsagar kanta a zurfin kusan kilomita 3. A 2007 aka ciro dutse daga cikin tsagar aka kawo shi sama.

Abin da aka tarar ya yi daidai da gwajinmu na bulo. Duk wannan tafiya ta manyan farantai, a wurin, tana gudana ne a cikin sirara biyu na niƙaƙƙen dutse, kowace faɗinta bai wuce mita 2 zuwa 3 ba. An gane su ne domin bututun ƙarfen da aka zura a rijiyar ya fara lanƙwasa a daidai nan. A cikinsu akwai wani irin yumɓu mai santsi da ake kira safonayit, sunan da ya samo asali daga kalmar sabulu. Ashe sabulun da ke ƙarƙashin ƙasa ne ya hana wannan ɓangare tara ƙarfi. Na'urorin da aka zura can ƙasa don su zauna suna saurare kuwa ba su yi tsawon rai ba, domin zafin wurin ya haura digiri 100.

Me ya sa ba a mutu ba?

Girgizar 2004 ba ta kashe kowa ba a Parkfield. Kayan kanti sun zube, wasu gine-gine sun tsage, shi ke nan. Kada wannan ya sa mu rena maki 6. Ranar 12 ga Oktoba 1992 girgiza mai maki 5.8 ta sami Alƙahira, ta kashe mutane fiye da 500. A 1960 mai irin wannan ƙarfi ta rushe birnin Agadir na Maroko, mutane kimanin 12,000 ko fiye suka halaka. Allah Ya kiyaye. Bambancin ba a ƙasa yake ba, a kan ƙasa yake. Mutanen Parkfield kaɗan ne, gidajensu na katako ne marasa bene da yawa, katako kuwa yakan lanƙwasa ya dawo. Ginin bulo ko na dutse wanda ba a ɗaure shi da ƙarfe ba, ga rufi mai nauyi, shi ne ke zubowa a kan masu shi.

Da hasashen rana ya gagara, sai hankali ya koma ga abin da zai yiwu. Na ɗaya, a faɗi yankin da ke cikin haɗari da girman abin da ake tsammani cikin shekaru masu zuwa, a tilasta yin gini gwargwadon haka. Na biyu, gargaɗin daƙiƙu. Girgiza takan aiko da motsi iri biyu: na farko mai sauri, kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, ba ya ɓarna sosai, na biyu mai ɓarna yana biye da kusan rabin wannan sauri. Na'urar da ke kusa da tsaga tana jin na farko, ta aika saƙo ta waya, saƙon ya riga motsi na biyu isa gari. Tun 2019 mutanen Kalifoniya suke samun irin wannan gargaɗi a wayoyinsu na hannu, ta wani tsari mai suna ShakeAlert. Daƙiƙu kaɗan ne, amma sun isa ɗalibi ya shige ƙarƙashin tebur, jirgin ƙasa ya rage gudu. Sai dai a lura, wannan ba hasashe ba ne. Girgizar ta riga ta fara, labarinta ne kawai ya riga ta isowa.

Kudu da gada

Baƙon da ya gama da Parkfield, ya kamata ya bi kwarin zuwa kudu, wajen wani wuri mai suna Cholame. Yana tafiya alamun rarrafe suna raguwa, har su ɓace. Daga nan ne ɓangaren da ya cije ya fara. Rabonsa da motsi tun 9 ga Janairu 1857, ranar da girgiza mai maki 7.9 ta tashi daga wannan yanki ta yaga tsagar kimanin kilomita 350 zuwa kudu. Kada tazarar 6 da 7.9 ta yi muku kama da kaɗan: kowane maki ɗaya ninki 32 ne na ƙarfi, saboda haka ta 1857 ta ninka ta 2004 kusan sau 700. Sa'arta ita ce wadda ta sami Turkiyya da Sham a Fabrairu 2023, mai maki 7.8, a kan tsaga mai gugar gefe irin wannan, wadda ta ci rayuka fiye da 50,000. A 1857 yankin kusan daji ne. Yau miliyoyin mutane ne a kudancin Kalifoniya, kuma hanyoyin ruwan shan Los Anjeles sun ƙetare tsagar.

Gaba kaɗan, a wani fili mai suna Carrizo, akwai rafin Wallace. Ya gangaro daga tudu a miƙe, da ya iso tsagar sai ya yi gwiwa zuwa dama, ya bi ta tsawon mita 130, sa'an nan ya sake juyawa ya ci gaba da gangararsa. Da can miƙaƙƙe ne. An auna shekarun kwarinsa aka sami kimanin 3,700, kuma in ka raba mita 130 da waɗannan shekaru za ka sami wajen santimita 3 da rabi a shekara. Amma a nan ba da rarrafe aka yi tafiyar ba, da tsalle aka yi ta, mita da yawa a lokaci guda. Ga aikin gida: ku ninka santimita 3 da rabi da yawan shekarun da suka wuce tun 1857. Amsar za ta haura mita 5, kuma ita ce tafiyar da farantin ya riga ya yi wadda wannan ɓangare na tsagar bai biya ba tukuna.

A Parkfield kuwa, an haura shekara 20 tun ta 2004, na'urori suna nan a binne suna aiki, kuma hukuma ba ta sake yanka wa girgizar wa'adi irin na 1985 ba.